Inda Ruwa Ya Riga Titi: Tarihin Jakara da Tambayar da ke Gaban Daura

Labarin kafuwar sarautar Daura, yadda ake bayar da shi a fada da bakin dattawa, labarin ruwa ne tun kafin ya zama labarin mulki. Baƙo ya sauka da dare ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a saboda macijin da ya tare ta. Ya je ya kashe macijin, sannan aure da sarauta suka biyo baya. Masana tarihi sun daɗe suna jayayya a kan ko Bayajidda mutum ɗaya ne ko kuwa suna ne da aka laƙaba wa wata ƙaura mai tsawo, kuma ba wannan jayayya ce ta kawo mu ba. Abin da labarin ya adana, ko ta wace fuska aka karanta shi, shi ne cewa garin Bahaushe yana zama ne inda ruwa ya yarje masa.

Yau Daura tana faɗaɗa da saurin da ba ta saba gani ba. A shekarun mulkin Shugaba Muhammadu Buhari, daga 2015 zuwa 2023, an kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, an aza harsashin Jami'ar Sufuri a watan Disamba na 2019, sannan a Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kowace irin wannan cibiya tana jawo ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa, su kuma suna bukatar filaye, filayen kuma suna bukatar tituna. Al'adar gari mai bunƙasa ce ya fara cinye tudu, in tudu ya ƙare ko ya yi tsada sai ido ya koma kan kwari da gefen fadama da tsofaffin kududdufai. A nan ne mai zana titi yake samun kansa a matse: fili kaɗan ne, masu nema da yawa, ga kuma ruwa da ya riga kowa zama a wurin. Kano, wadda al'ada ta ce Bagauda jikan Bayajidda ne ya kafa gidan sarautarta, ta shafe kusan shekara dubu tana fama da wannan matsi a kan rafin Jakara, don haka tarihinta ne madubi mafi kusa da Daura za ta duba.

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun kafin zuwan Bagauda, mutanen da ke zaune a gindin Dala ƙarƙashin jagorancin Barbushe suna girmama wani kurmi da ke kan ruwan Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa. Wuri ne mai duhuwa da ba a shiga sai da dalili, ba a kuma sare itacensa. Ko da mun ajiye imanin da ke tattare da wannan tsoro, sakamakonsa a ƙasa a bayyane yake: an bar wa ruwa shimfiɗarsa, gidaje suka tsaya a tudu. Da Sarki Gijimasu ya fara ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, ba a bar dausayin a waje ba. An kewaye shi tare da Dala da gonaki, domin birnin da aka yi wa ƙawanya ba ya rayuwa da katanga kaɗai, sai da ruwa da abinci a cikinta.

Babban sauyi ya zo a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Shi ne ya kafa kasuwar Kurmi a gefen wannan dausayi. Za a iya cewa wannan shi ne karo na farko da aka tsara babban aikin raya gari a kan matsattsen fili kusa da ruwa a Kano, kuma zaɓin wurin ba na ganganci ba ne. Ayarin fatake yana zuwa da raƙuma da jakuna masu bukatar sha, mahauta da majema suna bukatar ruwan wanki, kuma wurin yana tsakiyar unguwanni ta yadda hanyoyin da suka taso daga ƙofofin birni za su haɗu a can. Abin lura shi ne yadda aka zauna da wurin. Baturen Ingila Hugh Clapperton, da ya shiga Kano a watan Janairu na 1824, ya tarar da dausayin ya kusa raba birnin gida biyu, kasuwar kuma tana ci a kan wani siririn tudu da ya ratsa shi, wanda ruwa ke shafewa da damina. Wato fiye da shekara ɗari uku bayan Rumfa, ba a cike dausayin ba. An karɓi cewa akwai watannin da ruwa ke da iko da wurin, aka gina rumfunan da asararsu ba za ta karya kowa ba. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, shi ma ya iske Jakara tana nan a matsayin iyaka tsakanin unguwannin arewa da na kudancin birnin.

Jakara ba ita kaɗai take ɗaukar ruwan birni ba. Tana da mataimaka da ba kasafai ake ba su matsayinsu a tarihi ba, wato kududdufai. Kowane gidan ƙasa daga rami ya fito. Magini ya haƙa ƙasa, ya kwaɓa da ciyawa, ya yi tubali, ya ɗora katanga da soro. Inda ya haƙa ya zama kududdufi. Saboda haka gwargwadon yawan gine-ginen unguwa, gwargwadon girman raminta, ba tare da wani ya zauna ya yi lissafi ba. Idan aka yi ruwan sama, indararo ya zubo shi a lungu, lungu ya gangara da shi kududdufi, kududdufi ya riƙe har ya cika, sai rarar ta tsallaka zuwa na gaba, daga ƙarshe ta faɗa Jakara bayan ƙarfin hadarin ya wuce. Karkacewar lungunan nan da baƙo ke ɗauka rashin tsari ne tana rage wa ruwa gudu, kuma da yawansu sun bi sawun gangaren da ruwa ya riga ya zana ne. Abin da ya kwanta a rami kuwa yana tsotsewa ƙasa a hankali ya ciyar da rijiyoyin gidaje har cikin rani.

Ba daidai ba ne a mayar da wannan tsari aljannar duniya. Clapperton ya koka da wari da rashin lafiyar da kwantaccen ruwan ke haddasawa, kuma bai yi ƙarya ba. Kududdufi matattarar sauro ne, juji ne, kuma babu tsohuwar unguwar da ba ta da labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Sai dai tsarin yana yin wani aiki guda mai nauyi, shi ne ajiye ruwan sa'a ɗaya a sake shi cikin kwanaki, kuma duk wanda zai kawar da shi wajibi ne ya tanadi abin da zai karɓi wannan aikin.

Akwai kuma doka a bayan al'adar. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar Hausa suka yi hukunci da shi ya san faɗin hanya, domin hadisi ya yanke zira'i bakwai idan an yi saɓani a kanta. Ya kuma san harimi, wato filin da ake bari a kewayen rijiya ko kogi ko gari, wanda ba mai ikon mallake shi domin amfaninsa na kowa ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hanyoyin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, Ta'alimur Radi, inda batun harimi ya samu gurbinsa. Ƙa'idar hana cutarwa ta hana mutum ya juya indararonsa cikin gidan maƙwabci ko ya toshe magudanar da ta riga gininsa. Mai unguwa da sarkin magina su ne ke tsayawa a kan irin wannan rigima, kuma sun san ƙasar da ƙafafunsu, sun san inda ruwa ya tsaya a shekarar da aka yi babbar damina. A ganina wannan ilimi na ƙafa shi ne mafi tsadar abin da aka yi asara daga baya.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, shekara shida bayan Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Sun iso da tsoron kwantaccen ruwa a zukatansu, kuma wannan tsoro ne ya zana musu taswira. Suka kafa mazauninsu a wajen ganuwa ta gabas, a Nasarawa da Bompai, suka kuma shimfiɗa ƙa'idar barin fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa zaton sauro ba zai ƙetare shi ba. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 da tituna miƙaƙƙu masu gicciye juna kamar gidan dara. Wannan ne karon farko da aka zana titi a takarda kafin a tambayi ƙasa ra'ayinta. Birnin cikin ganuwa kuwa an bar shi a hannun hukumar gargajiya, ana fesa magani a kududdufai, ana cike ƙananansu idan an samu hali. Bayan 'yancin kai an ɗauko B. A. W. Trevallion ya tsara shirin raya Kano na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, amma yawan jama'a ya tsere wa shirin tun kafin wa'adinsa ya cika.

Duk da haka, ba takardun Turawa ne suka kashe kududdufi ba. Siminti da kwano ne. Ranar da magini ya daina bukatar jar ƙasa ya koma bulo, ramin unguwa ya rasa dalilin da ya sa ake ganin girmansa. Ya tashi daga ma'adanar kayan gini ya zama fili mara amfani a tsakiyar gari mai tsadar ƙasa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, sai ya zama ramin da a da na unguwa ne gaba ɗaya yanzu ana iya ba shi lamba a fayil, a yanka shi, a ba mutum ɗaya takarda. Aka riƙa cikewa da shara da ɓaraguzai, aka dasa shaguna da gidaje da gidajen mai. A daidai lokacin da ma'ajiyar ruwan ke raguwa, ruwan da ke gudu a kan ƙasa ƙaruwa yake yi, domin rufin kwano da daɓen siminti da kwalta ba sa shan ko ɗigo. Lissafin ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Idan aka yi ruwa mai milimita 50 a dare ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, kadada ɗaya da aka rufe da kwano da kwalta za ta zubar da kusan lita 500,000. Wannan ruwa dole ya je wani wuri, kuma idan ramin da ya saba zuwa ya zama shago, titi zai bi, daga titi kuma sai zauren wanda gidansa ya fi na kowa gangarowa.

Ita kanta Jakara ta koma babbar kwata. An ɗaure wani sashe nata da kankare, ruwan wanke-wanken birni da na mayanka ya riƙa bi ta cikinta, a gaba kuma rafin Getsi ya kawo mata dagwalon masana'antun Bompai, duka suka tafi madatsar ruwan da aka gina a Wasai a shekarun 1970. Masu lambu a gefenta har yau da wannan ruwa suke shayar da latas da kabeji da alayyafo. A zangon mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, aka ɗauki mataki mafi girma tun zamanin Rumfa: a rufe rafin daga Kwarin Gogau zuwa Jakara, a shimfiɗa titi a kansa, wanda jama'a suka fi sani da titin Wuju-Wuju. Hujjar aikin tana da ƙarfi. Cikin birni a cunkushe yake, duk wata sabuwar hanya sai an rushe ɗaruruwan gidaje an biya diyya, ga shi kuma rafin ya riga ya zama fili ɗaya tilo da ya ratsa unguwannin babu gini a kansa. Rufe shi zai kawar da wari, ya kuma ba motar asibiti da ta kashe gobara hanyar shiga inda a da ba sa iya kaiwa. Amma aikin ya tsaya shekaru bai kammala ba, kuma magudanar da aka fara aka bari ta fi wadda ba a taɓa ba haɗari, domin ta karkatar da ruwa daga tsohuwar hanyarsa ba ta kai shi sabuwa ba. Ko an kammala ma, akwai tambayar da ba ta gushewa. Rafin da ke buɗe kowa na ganin ranar da ya toshe. Wanda ke ƙarƙashin kwalta kuwa, yashi da leda suna taruwa a cikinsa a ɓoye, sai ranar da ya yi amai. 'Yan kasuwar Kantin Kwari sun ɗanɗana irin wannan a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da yadudduka, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da aka dasa a kan magudanai.

Ba Kano ce ta fara wannan gwaji ba. Birnin Seyul na Koriya ta Kudu ya fara rufe rafin Cheonggyecheon da kankare a ƙarshen shekarun 1950, daga baya ya ɗora masa gadar sama. A 2003 hukumar birnin ta rushe titin da gadar, a 2005 ta sake buɗe rafin. Kuɗin da aka kashe ba kaɗan ba ne, kuma yawancin ruwan da ke gudu a ciki yanzu da inji ake turo shi, abin da ke nuna cewa rafin da aka binne ba ya dawowa yadda yake. Garuruwanmu ba su da aljihun da za su gina abu sau biyu.

Daura ba Kano ba ce, kuma kuskure ne a kwafo darasin ba tare da an auna bambancin ba. Ruwan samanta bai kai na Kano ba, ƙasarta ta fi rairayi, ba ta kuma da rafi irin Jakara da ya raba ta biyu. Wannan ne ma ke sa a yi sakaci. Mai awon fili yakan zo da rani, ya tarar da kwari a bushe ƙurmus, ya ja layukansa a kai. Amma ruwan wannan yanki a 'yan watanni yake sauka, wani lokaci rabon mako biyu a dare ɗaya. Mutanen Jibiya, a wannan jiha tamu, sun ga haka a watan Yuli na 2018, lokacin da ambaliyar dare ɗaya ta hallaka fiye da mutum 40 ta kuma rushe ɗaruruwan gidaje. Rairayin da ke taimakawa wajen shanye ruwa shi ne kuma ke cike lambatu cikin damina ɗaya, don haka siririyar kwata mai murfi da ta yi aiki a wani gari tana iya zama kabarin yashi a nan. Lambatu mai faɗi, mara zurfi, a buɗe, wanda matasan unguwa za su iya yashewa da shebur, ya fi dacewa da ƙasar.

Akwai kuma batun tsayin titi. Kamfanin gina hanya yana son ya ɗaga ta sama domin ya kare kwaltarsa, wannan kuma daidai ne a kan babbar hanyar daji. A cikin unguwa kuwa, titin da ya fi dokin ƙofa tsayi ya zama madatsa, gidajen gefensa su zama tafki. Tsohon lungu ƙasa da gidaje yake, shi ya sa yake kwashe musu ruwa. Titin da zai bi gefen fadama gara ya kewaye ta ko da ya ƙara tsawo, a bar harimi tsakaninsa da ita, in kuma ƙetarewa ta zama dole, a yi kwalbati daidai da ruwan babbar damina, ba na shekarar da aka yi fari ba. Ba kowace sabuwar unguwa ce ke bukatar tagwayen hanya ba. Mita biyar ko shida da aka rage daga faɗin kwalta sun isa a shuka itatuwa a kuma bar ƙasa mai shan ruwa. Kududdufin da ya rage a cikin gari kuwa ana iya kewaye shi da katanga saboda yara, a hana zuba shara, a fitar masa da mafitar rara, a kuma rubuta shi a taswirar hukuma a matsayin abin da ba a yankawa, kamar maƙabarta da filin idi.

Fadama a masarautar Daura ba fili ne da ke jiran gini ba. Daga ita ake samun tumatir da albasa da barkonon rani, a nan makiyayi ke shayarwa idan burtali ya kawo shi, kuma madatsun ruwa irin na Sabke da Daberam sun dogara ne da ƙoramun da ke gangaro musu. Titin da ya datse ƙorama a sama yana iya busar da lambun wanda ke ƙasa da shi da tafiyar sa'a guda, mutumin da ba za a taɓa kira wajen biyan diyya ba domin ba a taɓa gonarsa da awo ba.

Layin dogon da ke tafe shi ne gwajin farko mai girma. Jirgin ƙasa ba ya son hawa da gangara, don haka a kan tudun ƙasa da aka tara ake shimfiɗa masa hanya, tudun kuma yakan miƙe kilomitoci yana gicciye duk wata ƙorama da ya tarar. Inda aka sa kwalbatocinsa nan ruwan yankin zai riƙa bi daga yanzu, kuma kusa da tasha ne filaye za su fi tsada, nan ne za a fi gaggawar yanka su. Hakimai da dagatai da masu unguwannin Daura, Sandamu, Mai'aduwa, Zango da Baure suna da dattawan da za su iya nuna da sanda iyakar inda ruwa ya kai a manyan daminun da suka gani. Ana iya bin su da na'urar awo a watan Agusta, a kafa turaku a wuraren da suka nuna, kafin ofishin filaye ya buga lambar fuloti ta farko.